Jordan, LeBron, Wilt ko Curry: Me Ya Sa Lissafin Maki Ba Ya Raba Wannan Gardama

Duk inda 'yan ƙwallon kwando suka taru a Zariya, ko a gefen filin jami'a a Samaru bayan la'asar, ko a gidan kallo a Sabon Gari cikin tsakar dare lokacin wasannin ƙarshe na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da wuya a watse ba a taɓo maganar nan ba: wa ya fi kowa? Waɗanda suka haura arba'in, da suka fara ganin wasan a kaset ɗin bidiyo na aro, ba sa son jin wani suna bayan Michael Jordan. Samarin da suka tashi da waya a hannu kuwa, LeBron James ne nasu, ko Stephen Curry. Kowa da lambar da ya haddace. Wannan ya ce Jordan kofi shida, sau shida ya je wasan ƙarshe bai faɗi ko ɗaya ba. Wancan ya ce LeBron maki sama da 40,000. Can sai wani da ya ɗan leƙa tarihin wasan ya ce to ai Bill Russell kofi 11 ya ɗauka, Wilt Chamberlain kuma ya ci maki 100 a dare ɗaya. Sai a yi tsit na ɗan lokaci, sannan a koma inda aka faro.

Lambobin nan duk gaskiya ne, sai dai ba a kasuwa ɗaya aka samo su ba. Wanda ya ce maka mahaifinsa ya gina gida a Tudun Wada da naira dubu ashirin a 1980 bai yi ƙarya ba, amma ba za ka ɗauki dubu ashirin ɗin yau ka nufi masu bulo ba. Sai ka fara tambayar me naira take saya a wancan lokacin. Maki a NBA ma haka yake, darajarsa tana hawa tana sauka, kuma abin da ke juya ta shi ne doka, da saurin wasa, da irin mutanen da ake karawa da su.

Mu fara da Wilt, domin lambobinsa su ne suka fi rikita mutane. A kakar 1961-62 yana cin maki 50.4 a kowane wasa idan aka raba daidai, yana kuma cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sama da sau 25. A ranar 2 ga Maris 1962 ya zuba wa New York Knicks maki 100. A kakar nan, matsakaicin lokacin da yake yi a fili minti 48.5 ne, alhali wasan gaba ɗaya minti 48 ne. Ma'ana kusan ba ya fita ko kaɗan, har da ƙarin lokaci. Babu wanda ya sake kusantar wannan, kuma ba na jin za a sake.

To amma yaya wasan yake a lokacin? Kafin 1954 babu agogon daƙiƙa 24. Ƙungiya idan ta shiga gaba sai ta riƙe ƙwallo tana ta miƙa wa juna har lokaci ya ƙare. A Nuwamban 1950 an yi wasan da Fort Wayne ta ci Minneapolis Lakers 19 da 18, jimillar makin wasa sukutum ke nan. Da aka kawo agogon, wanda ya tilasta jefa ƙwallo cikin daƙiƙa 24, sai abin ya juye zuwa ɗaya ɓangaren: gudu da jifa ba kakkautawa. A kakar da Wilt ya yi wancan abin mamaki, kowace ƙungiya tana cin kusan maki 119 a wasa, kuma babu jifan maki uku, wato jifa daga bayan layin nesa, ko ɗaya a ciki. Masu lissafin wasan sun ƙiyasta cewa ƙungiyarsa tana kai hari kusan sau 130 a wasa guda. Shi kaɗai yana jifa kusan sau 40. Sannan jifan zamanin bai cika shiga ba, kusan kashi 43 cikin ɗari ne kawai ke faɗawa, don haka ƙwallon da ke dawowa daga ƙarfe tana da yawa, dogon mutum mai ƙarfi yana ta ɗiba.

Yanzu a ɗauko kakar da Jordan ya fi cin maki, 1986-87, inda yake cin 37.1 a wasa. A ido, Wilt ya ba shi ratar maki goma sha uku. Amma ƙungiyarsa Chicago ta lokacin ba ta kai hari sau ɗari a wasa, kuma Jordan minti 40 yake yi. Idan aka daidaita lissafin, aka ce a kowane hari ɗari nawa kowannensu ke ci, Wilt yana wajen 38, Jordan ya haura 45. Kun ga tebur ya juye. Wannan ba ya rage wa Wilt komai, domin gudun minti 48 a irin wancan saurin, kowane dare, cikin takalmin yadi, shi ma wani abu ne da ɗan wasan yau ba zai yarda ya gwada ba. Abin da lissafin ke nunawa kawai shi ne 50 ɗin 1962 da 37 ɗin 1987 ba su yi nisa da juna yadda ake zato ba.

Kofunan Russell ma suna da tasu maganar. Ya ɗauki 11 cikin kaka 13 tare da Boston Celtics, amma a mafi yawan shekarun nan ƙungiyoyi takwas ko tara ne a gasar, yanzu kuwa 30 ne. Masu son rage masa daraja sukan tsaya a nan. Ni ina ganin abin yana da fuska biyu. Ƙarancin ƙungiyoyi yana rage zagayen da za ka tsallake kafin kofi, gaskiya ne, amma yana nufin gwanayen ƙasar duka an cusa su wuri ɗaya, babu ranar hutu. Russell da Wilt sun kara sama da sau 140. Kuma abin da Russell ya fi ƙwarewa a kai, wato tare ƙwallo a sama kafin ta isa kwando, ba a fara rubuta shi a littafin NBA ba sai kakar 1973-74, bayan su biyun sun yi ritaya. Mutumin da girmansa yake wurin tsaro, aikinsa mafi girma ba a ƙidaya shi ba. Ta yaya za a ɗora shi a ma'auni ɗaya da wanda ake rubuta kowane motsinsa da kwamfuta?

Inda gardamar ta fi zafi a Zariya shi ne maganar tsaro. Na sha jin wani dattijo, tsohon ɗan wasa da gwiwa ta ajiye, yana cewa yaran da ke atisaye: "Ku 'yan yanzu ba ku san wasa ba, a zamaninmu in ka shigo ƙarƙashin kwando sai ka ji a jikinka." Wani saurayi ya taɓa amsa masa cikin ladabi: "Baba, ai ku mutum ɗaya kuke wucewa, mu kuwa biyar ke jiranmu." Kowannensu ya faɗi rabin gaskiya, kuma dokoki biyu ne ke bayan maganar.

Ta farko ita ce ɗora hannu. A shekarun 1980 da 1990 mai tsaro yana iya ɗora tafinsa a ƙugun mai ƙwallo, yana jin inda zai juya, yana ɗan tura shi gefe. Idan kuma ka kutsa ciki, ƙarti suna jira. Detroit Pistons sun fitar da Chicago sau uku a jere, 1988, 1989 da 1990, kuma dabararsu a fili take: duk lokacin da Jordan ya tashi sama, a tabbata ya dawo ƙasa da ciwo. Sai da ya ƙara nauyi da ƙarfin jiki, ya kuma yarda da tsarin koci Phil Jackson na raba ƙwallo, sannan ya wuce su a 1991. NBA ta tsananta hana ɗora hannu daga kakar 2004-05, bayan maki ya faɗi ƙasa sosai. A 2003-04 ƙungiya tana cin wajen 93 ne kawai a wasa, 'yan kallo sun fara gajiya. Daga nan gajerun 'yan wasa masu sauri suka samu sarari, kuma ba banza ba ne Steve Nash ya zama gwarzon ɗan wasa a 2005 da 2006. A nan dattijo yana da gaskiya.

Ta biyu ita ce wadda dattawa ba sa son a tuna. Har zuwa 2001, haramun ne a NBA a yi tsaron yanki, wato ka tsaya kana gadin wani wuri a fili maimakon wani mutum. Dole kowa ya bi nasa. An yarda mutum biyu su taru kan mai ƙwallo, amma ba a yarda ka tsaya tsakiya kana jira ba, ko ka je gaba ɗaya ko ka koma wurin naka. Masu wayo sai su kwashe 'yan wasa huɗu su kai su gefe guda, masu tsaronsu dole su bi su, a bar gwani shi da mutum ɗaya a rabin fili. Jordan da mutum ɗaya kuwa, an gama magana. Daga kakar 2001-02 aka halatta tsaron yanki, da sharaɗin kada mai tsaro ya wuce daƙiƙa uku a ƙarƙashin kwando ba tare da wanda yake gadi ba. LeBron ya shigo a 2003, don haka duk rayuwarsa ta wasa, da zarar ya ɗaga kai zai ga mutum biyu ko uku sun karkato suna jiran ya taho. Shi ya sa ya zama mai miƙa ƙwallo irin wanda ba kasafai ake gani ba a mai girmansa. Tsaron ne ya yi masa tambayar, shi kuma ya amsa ta haka. A nan saurayi yana da gaskiya.

Saboda haka idan aka tambaye ni wane zamani ya fi wuya, amsata ita ce wuyar iri biyu ce. Na da yana gwada jikinka da juriyarka. Na yanzu yana gwada saurin tunaninka da nisan jifanka.

Sai layin maki uku, wanda ya sauya wasan fiye da komai bayan agogo. NBA ta karɓe shi a kakar 1979-80, shekarar da Magic Johnson da Larry Bird suka shigo. A wannan kakar ƙungiya ba ta jefa shi ko sau uku a wasa. Ana ganinsa abin neman tsira ne in lokaci ya ƙure. Yanzu ƙungiya tana jefa shi sama da sau 35. Bird, wanda duk zamaninsa ake ce masa maharbi, ya ci jifan maki uku 649 a duk shekarunsa. Jordan 581. Curry ya ci 402 a kaka ɗaya tak, 2015-16, kuma jimillarsa ta haura 4,000 a 2025. Kareem Abdul-Jabbar, wanda ya riƙe kambun yawan maki na 38,387 kusan shekara 39 kafin LeBron ya wuce shi a Fabrairun 2023, sau ɗaya ya ci jifan maki uku a rayuwarsa.

Dalilin sauyin lissafi ne mai sauƙi. Ka jefa sau ɗari daga bayan layi, 36 su shiga, ka samu maki 108. Ka matso ciki kaɗan, tsakanin layin da kwando, ka jefa ɗari, 42 su shiga, ka samu 84. Jifan ya fi shiga amma makin ya fi kaɗan. An ɗauki shekara talatin kafin masu horarwa su yarda da abin da ɗalibin firamare zai iya lissafawa, saboda al'ada tana da ƙarfi, kuma waɗanda ke koyarwa sun tashi ne babu layin. Da aka yarda, sai komai ya biyo baya. Mai tsaro dole ya fita can nesa ya bi mai jifa, ƙarƙashin kwando ya zama fayau, wanda ya iya kutsawa ya samu hanya. Shi ya sa maki ya koma wajen 114 a wasa a 'yan shekarun nan, ba don an daina tsaro ba. Filin da ake gadi ne ya faɗaɗa, mutanen kuma biyar ɗin nan ne dai.

A nan nake saɓawa da masu cewa Bird ko Jordan ba za su iya wasan yau ba saboda ba su jefa maki uku da yawa. Ba a nemi hakan daga gare su ba. Mutumin da ya ci kusan kashi 89 cikin ɗari na jifan fanareti kamar Bird, hannunsa a saite yake, da an ce ya jefa goma a dare da ya jefa. Haka kuma nake saɓawa da masu cewa da an kai Curry 1990 da an karya shi. Wataƙila zai sha duka, amma masu tsaron lokacin ba su saba fita mita takwas ko tara su bi mutum ba, kuma dogayen lokacin ba sa barin ƙarƙashin kwando. Kafin su gane abin da ke faruwa an yi musu ɓarna.

Akwai wata hanyar gwada wannan magana ba tare da mafarkin komawa baya ba, kuma mu 'yan Najeriya mun gan ta da idonmu. Dokar wasannin ƙasa da ƙasa daban take da ta NBA: minti 40 maimakon 48, layin maki uku a mita 6.75 maimakon 7.24, kuma dogon mai tsaro yana iya kafewa a ƙarƙashin kwando yadda ya so. 'Yan wasa ɗaya, shekara ɗaya, amma da zarar an sauya doka sai sakamako ya sauya. Amurka da taurarinta ta tsaya a tagulla a gasar Olamfik ta 2004, ta kuma zo ta huɗu a gasar cin kofin duniya ta 2023 wadda Jamus ta lashe. Luka Doncic, wanda ya ci maki 73 a wasa ɗaya a Janairun 2024, shi da bakinsa ya faɗa cewa cin maki ya fi sauƙi a NBA a kan Turai. In ƙaramin bambancin doka zai yi haka tsakanin mutanen zamani ɗaya, ina ga tazarar shekara sittin?

Wasanninmu biyu da Amurka ma darasi ne. A Landan a 2012 sun ci D'Tigers, tawagar Najeriya, 156 da 73, suka zuba jifan maki uku 29, Carmelo Anthony shi kaɗai ya ci maki 37 cikin minti 14. Duk wanda ya kalli wasan nan ya kwana da ɓacin rai. Shekara tara bayan haka, a Yulin 2021 a Las Vegas, Najeriya ta ci su 90 da 87 a wasan share fage, kuma da makamin nan aka yi: jifan maki uku 20. Wasan sada zumunta ne, na sani, amma ya nuna yadda salon wasa ke tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa cikin ƙanƙanin lokaci.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu yabon tsohon zamani suka fi mantawa, wato yawan waɗanda ake zaɓo 'yan wasa daga cikinsu. A farkon shekarun 1990, 'yan ƙasashen waje a NBA ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Bayan tawagar Amurka ta 1992 ta je Barcelona da Jordan da Magic da Bird, yara a duk duniya suka ɗauki ƙwallo. Yanzu baƙi sun haura 120 a kowace kaka, kuma daga 2019 zuwa 2025 babu haifaffen Amurka da ya zama gwarzon ɗan wasa: Giannis Antetokounmpo sau biyu, wanda aka haifa a Girka iyayensa 'yan Najeriya, Nikola Jokic na Sabiya sau uku, Joel Embiid haifaffen Kamaru, sai Shai Gilgeous-Alexander na Kanada. Mu a Zariya ba labari aka ba mu ba. Masai Ujiri a garin nan ya tashi, a nan ya fara wasa yana ɗan shekara 13, ya kuma koya a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi ne ya haɗa ƙungiyar Toronto Raptors da ta ɗauki kofi a 2019, da Pascal Siakam na Kamaru da Serge Ibaka na Kwango a cikinta. Gasar da ake zuwa har Afirka ana neman mata 'yan wasa, matsakaicin ɗan wasanta dole ya fi na gasar da ke zaɓe daga ƙasa ɗaya. Na goma sha biyu a benci yau ya fi na goma sha biyu a 1985 ƙwarewa, wannan ba na shakka a kansa.

Sai dai kuma ɗan wasan yau yana da jirgin ƙungiya, da likitoci, da mai dafa masa abinci, da bidiyon kowane abokin karawa a waya. 'Yan 1960 da yawansu suna neman wani aikin idan kaka ta ƙare, raunin gwiwa da yanzu ake ɗinkewa a dawo bayan shekara, a lokacin shi ne ƙarshen wasa. Su Russell kuma suna wasa ne a ƙasar da wasu otal da gidajen abinci ke hana su shiga saboda launin fatarsu. Daɗewar LeBron sama da kaka ashirin a saman wasa abin jinjina ne, horonsa da kiyaye jikinsa nasa ne, amma ya samu kayan aikin da Wilt bai taɓa gani ba.

To da me za a auna? Ni tambayoyi biyu nake yi. Ta farko, wace irin rata mutum ya ba waɗanda suka yi wasa tare da shi, ƙarƙashin doka ɗaya da ƙwallo ɗaya? A nan Jordan yana da hujja mafi ƙarfi: sau goma yana zama wanda ya fi kowa cin maki, gwarzon ɗan wasa sau biyar, gwarzon mai tsaro a 1988, kofi uku a jere, ya tafi, ya dawo, ya sake uku a jere. Idan maganar ƙololuwa ce, shi nake ba wa. Idan maganar tsawon hanya ce, LeBron ne: wasan ƙarshe sau goma, takwas daga ciki a jere, kofi huɗu da ƙungiyoyi uku, da kuma 2016 lokacin da Cleveland ta farfaɗo daga 3 da 1 ta doke Golden State ɗin da ta ci wasa 73 a kakar. Alama mafi girma ta wannan ratar ita ce a sauya wasan saboda kai. An faɗaɗa yankin ƙarƙashin kwando a 1951 saboda George Mikan, aka ƙara faɗaɗa shi a 1964 saboda Wilt. Curry ba a sauya masa doka ba, amma ya sa ƙungiyoyi 30 sun sauya yadda suke wasa da irin mutanen da suke ɗauka.

Tambaya ta biyu ita ce wadda na fi damuwa da ita: cikin abin da mutum ya iya, wanne ne zai yi aiki a kowace doka? A nan sunan da ba a cika kawowa a gardamar ba shi ne nake kawowa, Hakeem Olajuwon. Ba don haifaffen Legas ba ne, ko da yake ina alfahari da hakan. Shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, Jordan na uku. A 1994 ya haɗa gwarzon ɗan wasa, gwarzon mai tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a kaka ɗaya. Yana da tare ƙwallo 3,830, mafi yawa tun da aka fara ƙidaya. A 1995 ya wuce David Robinson, gwarzon shekarar, sannan ya share Orlando ta Shaquille O'Neal 4 da nema. A watan Fabrairun wannan shekarar, yana azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata.

Ku nemi bidiyon karawarsa da Robinson ku rage gudunsa, ku bar kallon ƙwallon, ku kalli ƙafafunsa. Yana karɓar ƙwallo ya ba mai tsaro baya. Ya girgiza kafaɗa hagu, mai tsaro ya matsa taku ɗaya. Ya juya dama a kan ƙafa ɗaya, ya ɗaga ƙwallon kamar zai jefa, Robinson ya tashi sama. Shi kuwa ƙafarsa ta juyi ba ta bar ƙasa ba. Sai ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin hannun, ya ajiye ƙwallon a hankali. Motsi uku ko huɗu cikin daƙiƙa biyu, daga mutum mai tsawon sama da mita biyu. Ya samo ƙafafun nan ne daga tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, domin bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15. Babu dokar da ta ba shi wannan, babu kuma wadda za ta ƙwace. Shi ya sa Kobe Bryant ya je wurinsa koyo a 2009, LeBron ya je a 2011 bayan ya faɗi a wasan ƙarshe, ya kuma ɗauki kofinsa na farko a shekarar da ta biyo.

Wani abin da ba a lura da shi shi ne Houston ɗin Hakeem ta riga zamaninta. Shi a tsakiya, maharba kewaye da shi, su Kenny Smith da Robert Horry da Mario Elie. In an taru masa ya miƙa waje a jefa maki uku, in an bar shi da mutum ɗaya ya gama da shi. A shekarun kofunansu biyu babu ƙungiyar da ta kai su yawan jifan maki uku. Tsarin da Milwaukee ta gina wa Giannis har ta ɗauki kofi a 2021, da wanda Denver ta gina wa Jokic a 2023, jikokin wancan ne. Dogon da zai iya bin gajere a waje, ya tare ƙwallo a ciki, ya kuma ci maki da kansa, shi ne abin da kowace ƙungiya ke nema yau ruwa a jallo, shi ya sa ake rububin Victor Wembanyama na Faransa. Hakeem ya kasance haka tun shekara talatin da suka wuce.

Wannan gardamar tana da tasiri a filayenmu fiye da yadda muke zato. Ka je ka tsaya inda yara ke atisaye a Samaru ko Kongo. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, ƙwallon ta kusa rinjayarsa, zai ja baya can bayan layi ya tattaro ƙarfinsa daga ƙugu ya wurga, don ya ga Curry a waya. In ta shiga sau ɗaya cikin goma sai ihu. Abin da gajeren bidiyo ba ya nuna masa shi ne Curry ɗan Dell Curry ne, maharbin da ya yi kaka 16 a NBA, kuma yana saurayi mahaifin ya sa shi ya rushe salon jifansa ya sake gina shi daga kusa da kwando, wata da watanni, kafin ya koma nesa. Ba ya kuma nuna gudun da Curry ke yi ba tare da ƙwallo ba, yana zagaye abokan wasansa har mai tsaro ya gaji, wanda shi ne rabin aikinsa. A ɗaya gefen kuma akwai masu horarwa da har yanzu in suka ga dogon yaro sai su kafe shi ƙarƙashin kwando, su hana shi buga ƙwallo a ƙasa ko jifa daga nesa, saboda haka aka koya musu a 1990. Yaron nan in ya samu damar zuwa sansanin gwaji, abin farko da za a duba shi ne ko zai iya tsaron gajere a waje da kuma ko hannunsa yana kaiwa daga layi. Filayenmu ba su da katako, ƙwallo ɗaya yara goma ke rabawa, amma aikin ƙafa ba ya buƙatar ko kwando, kuma jifa daga mita biyu sau ɗari kafin a matsa baya ba ya buƙatar kuɗi. Waɗannan biyun su ne ya kamata koci a Zariya ya fara da su ga dogo da gajere baki ɗaya.